Yatsa a Kusurwar Hoto

“Auta, kin sake ɓata mini takarda,” in ji shi, ko da yake ba kowa a ɗakin duhun da ake wanke hoto sai shi da jar fitila. “Gini kyakkyawa haka, sai da kika cusa masa yatsa.”

Ya ɗaga hoton daga farantin magani, ya bari ya tsane, ya rataye shi a igiya. A kusurwar sama ga inuwar nan da ya sani, dishi-dishi, a lanƙwashe kamar ƙugiya. Yatsan ƙanwarsa ne, wanda ƙofar mota ta datse tun tana ƙarama, ya warke a karkace. Bahaguwa ce. An ƙera kyamara don masu amfani da hannun dama, ita kuwa ta ƙi koyon riƙon mutane, saboda haka duk abin da ta ɗauka sai yatsan ya leƙo.

“Sa hannuna ke nan, Yaya,” takan ce.

“Ki je ki sa shi a hancinki,” yakan amsa. “Takarda ba ta yi miki laifi ba.”

Shi bai yi nisa a karatu ba. Ya bar aji ya kama wankin hoto a shagon wani, don ita ta ci gaba. Da makarantarsu ta shirya kai ɗalibai ƙasar waje su koyi ɗaukar hoto, Auta ce ta fara ɗaga hannu. Malamarsu ta raba musu tsofaffin kyamarori masu fim, wai waya ba ta koya wa yaro haƙuri.

Ranar tafiya ta rarraba littattafanta ga yaran maƙwabta. Ta rungume Umma ta ƙi saki, har Umma ta ce, “Ke, cika ni mana, sai ka ce lahira za ki.” A bakin ƙofa ta kama hannun rigarsa.

“Fim ɗina kai kaɗai za ka wanke, Yaya. Kada ka ba maigidanka. Kuma ka bi su a jere.”

Ɗalibai suka dawo babu ita.

Malama ce ta zo gidan da kanta, idanu a kumbure. Ta ce sun je bakin wani babban kogi, yara sun watsu suna ɗaukar hoton jiragen ruwa, da aka zo ƙirga kawuna babu Auta. Takalmanta da mayafinta aka tarar a kan matakalar da ke gangarawa cikin ruwa. An nema har an gaji. Kogin ba ya mayar da abin da ya karɓa.

“Fasfonta ma ba mu gani ba, ƙila yana jikinta,” in ji Malama. Ta ajiye takalman, sai ta miƙo kyamarar. “Wannan a kan gadonta muka same ta da muka koma masauki. Yarinyar da ko wanka sai an roƙe ta ta ajiye ta, ran nan kaɗai ta fita ba da ita ba.”

Tun daga lokacin Umma ta daina rufe ƙofar gida. Takan jera takalman a bakin ɗaki, ta goge su da gefen zaninta. Masu gaisuwa sun zo sun tafi, ita tana nan tana kallon hanya.

“Ba ta mutu a jikina ba,” takan ce. “Uwa takan ji.”

“Umma, ki yi haƙuri,” yakan ce.

Kyamarar ta daɗe a ƙarƙashin gadonsa. Tsoronta yake ji, kamar akwatin da aka rufe numfashin mutum a ciki. Sai yau, da maigida ya fita cin abincin rana, ya ja labule ya zare fim ɗin.

Yana binsu a jere kamar yadda ta ce. Fim ba ya tsallake, abin da ya fara shiga shi ke fara fitowa. Ga fuka-fukin jirgi, da yatsa. Ga ƙawayenta suna dariya a bakin masauki, da yatsa. Daga nan dariyar ta ƙare. Tashar jirgin ƙasa. Allon da ke nuna lokutan tashi. Wata ƙofa da aka manna wa takarda da rubutun da bai iya karantawa ba. Tashar kuma, ta wani gefen.

“Me kike nema a tasha, Auta? Mutane na ɗaukar furanni.”

Saura guda. Ya nutsar da takardar, ya riƙa karkaɗa farantin a hankali. Da fari ruwa ne ya fito, mai faɗi, daga sama, kamar an tsaya a kan gada ana kallon ƙasa. Sai matakala. Sai ɗalibai sun yi cirko-cirko, wasu hannu a ka. Sai jirgin masu ceto a tsakiyar kogi. A ƙarshe Malama ta bayyana, baki buɗe tana kiran wani suna, da takalma biyu rungume a ƙirjinta.

Ya daɗe a tsaye, maganin na ɗiga daga hannunsa. A waje maigida ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana tambaya ko aikin wa ake yi.

Da yamma ya tarar da Umma tana goge takalman. Ta ɗago ta dube shi.

“Ka wanke? Me ta ɗauko mana?”

“Gine-gine ne, Umma. Da ruwa.”

Hoton na cikin rigarsa, bai gama bushewa ba, yana manne da fatarsa. Har yanzu bai faɗa wa kowa ba cewa a kusurwarsa ta sama, bisa kawunan masu neman Auta, akwai yatsanta a lanƙwashe kamar ƙugiya.