Kamar Sa a Shagon Tangaran

Dogo ya kakkaɓe fulawar da ke jikin wandonsa, ya yi sallama a ƙofar ofishin Maigida.

Shekara tara ke nan yana tuƙa motar gidan burodin nan, akwalar da ake ɗaure ƙofarta da igiya, wadda duk duniya a hannunsa kaɗai take yarda ta tashi. Yanzu ga wani kamfanin magunguna na neman direba: mota sabuwa fil, ga sanyi, ga hutun ƙarshen mako. Ya ci gwajin tuƙi. Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga wurin aikinsa, da Turanci, nan da Alhamis. Shi kuwa Turancinsa bai wuce na allunan bakin titi ba.

Maigida ya saurare shi har ƙarshe, ya leƙa taga ya dubi akwalar, ya nisa. "Allah ya sa alheri ne, Dogo. Turancin nawa dai na 'yan kasuwa ne, amma zan taɓa."

Ya jawo durowa ya fito da wani ɗan littafi da aka yi wa riga da takardar buhun sukari. Ya ce littafin kamance ne, don Bature ba ya yabon mutum tsurarsa, sai ya ce wane kamar kaza yake. Ya zaro jan biron da ba ya rabuwa da aljihun gabansa, ya duƙufa. Ko sau ɗaya bai buɗe littafin ba, amma Dogo hankalinsa na can cikin mota mai sanyi.

Da ya gama ya fassara masa layi-layi. Dogo na sha kamar kifi: wato mai yawan shan ruwa, lafiyayye. Yana barci kamar gungume: ya ƙoshi da barci a gida, ba zai yi gyangyaɗi a hanya ba. Ƙwaƙwalwarsa kamar rariya: tana tace magana, ta zubar da dusa. Idan kuwa ya kama sitiyari, kamar sa ne, wato bijimi, a shagon tangaran.

"Sa kuma, Maigida?"

"Ka yi tunani mana. Bijimin da za a bari ya shiga shagon tangaran, ai sai mai natsuwa."

Dogo har ƙwalla ya yi. Shekara tara bai san haka tsohon nan yake ganin girmansa ba.

Ranar Alhamis ya sha guga, ya fesa turaren matarsa, ya miƙa wa manajar kamfanin ambulan da hannu biyu. Ta karanta layin farko, ta ɗago ta dube shi. Ta karanta na biyu, ta ɗan ja kujerarta baya.

"Malam, tun yaushe kake shan?"

"Tun ina yaro, ranki ya daɗe. Da safe ma kafin in tayar da mota sai na shanye gora guda."

"Gora guda! Maigidanka ya sani?"

"Ai shi yake ajiye mana a firji."

Da ƙyar aka gano bakin zaren. Ta warware masa cewa a Turanci mai sha kamar kifi ɗan giya ne, mai barcin gungume ko bango ya faɗi ba ya farkawa, mai rariya ba ya riƙe saƙo, san kuwa idan ya shiga shagon ko kofi ɗaya ba ya bari da rai. Dogo ya yi ta salati, ya rantse har muryarsa ta dushe. Ta ce ta yarda da shi, amma takarda ake sakawa a fayil, ba rantsuwa ba. Tana mayar masa da ita ta ƙara da cewa, "Turancin dai kam, ko ɗigo babu kuskure."

Ya koma gidan burodi ransa a dagule. Maigida ya dafe kai yana ta sallallami. "Kai, littafin nan ya cuce mu! Ka yafe mini, Dogo, jahilci ne." Ya wurga littafin cikin kwandon shara. Ganin tsoho ya marairaice, sai Dogo ya koma shi ke ba shi haƙuri. Washegari akwala ta tashi a hannunsa kamar kullum, har an saya mata sabuwar igiya.

Bayan mako biyu yana sauke fulawa a sito, buhu ya suɓuce ya faɗa kan wasu tsofaffin kwalaye da Maigida ya daɗe yana cewa ajiyar wani ce. Kwali ɗaya ya yi bindiga. Ƙananan littattafai iri ɗaya suka watse a ƙasa, sun fi ɗari, daidai girman littafin kamancen nan, sai dai su ba a yi musu riga ba.

Dogo ya ɗauki ɗaya ya juya bayansa. A wurin da ake sa hoton wanda ya rubuta littafi, ga Maigida nan yana murmushi, da sauran gashi a kansa, da jan biro a aljihun gaba.