Bindigar da Baba Ya Yi Yaƙi da Ita

"Da ita na tare maƙiya arba'in ni kaɗai," in ji Baba, yana miƙa wa dillalin kayan tarihi tsohuwar bindigarsa ta soja. Yoyon rufin gida ne ya sa zai rabu da ita.

Dillalin ya ja ƙarfen ɗana harsashi, ya duba lamba, ya haska cikin bututun.

"Baba, wadda ta sha yaƙi araha gare ta. Wannan kuwa ba a taɓa harba ta ba. Kuɗinta ya ninka sau biyar."

Mu 'ya'yansa muka kalli juna. Tun muna yara muke jin labarin nan.

Baba ya yi gyaran murya.

"To ɗana, tunda asiri ya tonu, nawa za ka sayi ludayin da na yi wa bataliya girki da shi?"