Sunayen Jikokin Gwaggo Asibi

Sai da Haladu ya rabu da maraƙinsa a kasuwar Gwarzo kafin ragon suna ya samu. Ya dawo Mainika a ƙafa yana jan wani ramammen rago, don shiga mota a shekarar nan sai wane da wane. Ga taki ya gagara, ga matarsa Raliya ta sake haihuwar namiji, na uku. Wallahi ya gaji.

Zaɓen suna kuwa ba nasa ba ne. Mahaifiyarsa Asibi, wadda kowa har shi ke kira Gwaggo, ita ke zaɓa, kuma ba a ja da ita. Na farko ta ce Faruk, liman ya ce mai rarrabe gaskiya da ƙarya. Na biyu Mubarak, mai albarka. Wannan karon tun kafin cibiya ta faɗi ta ce Sadik, liman ya ce mai gaskiya. Ita dai ba ta taɓa tambayar ma'ana ba. Matan gida suka yi ta dariya, wai Gwaggo ta maƙale wa sunaye masu ƙarewa iri ɗaya, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya.

Da ma sun saba tsokanarta. Cewa suke Bafulatana ce da ta baro kunyarta a Filato, inda ta yi kiwo da ƙuruciya, ta yi wani ɗan aure ya mutu, kafin ta zo ta auri baban Haladu. In ba haka ba, wace uwa ce ke ƙwala wa babban ɗanta kira da sunansa? Ita kuwa tun daga bakin rijiya sai ka ji, "Haladu! Haladu!"

Amma abin da ya hana Haladu sukuni shi ne Malam Shadrak, malamin firamare, Kirista ɗan Filato, mai haya a shagon ƙofar gidan. Ranar da aka turo shi garin an nuna masa ɗakuna masu siminti, ya ce shi wannan gidan yake so. Tun da aka fara maganar Shari'a jita-jita ta cika gari, abokan aikinsa suka tattara suka koma gida. Shi ko gezau. Wasu samari suka riƙa tare Haladu bayan salla, wai har yaushe zai ci gaba da ajiye shi? Dattawa suka tsawatar, maganar ta ƙi mutuwa.

Da farko Haladu ya toshe kunne, don yana ganin girman malamin. Mutum ne da dangin uba suka riƙe, ga haƙuri, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Sai dai samarin sun faɗi wadda ta tsaya masa a rai: "Ai ko tsohuwarka ba ta ƙaunarsa."

To, ina ƙarya? In malamin ya shigo gaisuwa, Gwaggo bango take fuskanta. Ya durƙusa ya ajiye mata goro da sabulu, ta amsa ciki-ciki. Ba ta cin abinci a gabansa. In za ta ambace shi sai dai ta ce "wancan" ko "na shago". Kwanon tuwonsa ne dai ke fara fita, wannan kuma haƙƙin baƙo ne.

Ana jajiberin suna, bayan la'asar, Haladu ya tsaya a ƙofar shago yana sosa ƙeya.

"Malam, ka yi haƙuri. In an gama suna ka nemi wani wuri."

"Gwaggo ce ta ce?"

"Ba sai ta ce ba."

 Malamin ya ce to, ya jawo buhu ya fara zuba kayansa.

Da safe aka raɗa wa yaro Sadik, aka raba goro, aka yanka ragon. Haladu ya shiga cikin gida jiki a mace, ya tarar da Gwaggo a kan tabarma, jaririn na cinyarta.

"Na sallame shi, Gwaggo. Yau zai tafi, kin huta."

"Wa ka sallama?"

"Malam Shadrak mana. Shekara da shekaru yana gidan nan, ko sunansa ba ki taɓa faɗa ba. Na gaji da surutun mutane, na gaji da ganin kina juya masa baya."

Gwaggo ta rungume jaririn a ƙirjinta. Haladu bai taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar rasuwar babansa, sai yau.

"Faruk, Mubarak, Sadik," ta ce. "Na yi ta kewaye sunansa, iyakar kusa da bakina zai iya zuwa ke nan. Maza ka tsayar da shi. Kai da nake kiran sunanka safe da yamma, Haladu, a ina ka taɓa jin uwa ta faɗi sunan ɗan farinta?"