Fanka Mai Tari a Gidan Alhaji Osman

Fankar ta sake tsayawa ana tsakiyar shan jabana, gahawar da ake wa baƙi. Ta yi tari irin na tsohon jaki, ta girgiza kai, fukafukanta suka mutu a gaban baƙi. Alhaji Osman ya bi ta da kallo, gumi na bin bayan rawaninsa, baƙin kuwa kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

A yi wa mutum adalci dai. Alhajin da duk ƙauyen nan na kusa da garin Hajj Abdalla aka sani da farar jallabiya da turare, wanda bai taɓa sayen ko akuya an cuce shi ba, shi ne yau fanka mai araha take tozartawa cikin diwaninsa na karɓar baƙi. Kuma ba a wurin bare ya saya ba, a shagon Jibirin ne, ƙanen matarsa Sakina.

Da aka kawo ta sabuwa, ba ta da abin zargi. Doguwa ce, fara, wuyanta na juyawa dama da hagu kamar mai gaida jama'a. Farantin sola guda da ke kan rufi ya ishe ta. Alhaji yakan bar ta a gida da safe ya tafi kasuwa, ya zauna a rumfar mai shayi yana ba da labarinta, tare da labarin ɗakin hatsinsa.

Wannan ɗaki shi ne sauran abin alfaharinsa. Bana ruwa bai iso hawasharsa ba, wato gonarsa ta ban-ruwa, ta bushe tun dawa ba ta fid da kai ba. Wasu sun sayar da awaki, wasu sun tafi ƙodago. Alhaji kuwa cewa yake yi mai tsohuwar ajiya ba ya tsoron sabuwar shekara. Mabuɗin yana wuyan Sakina, don babban mutum ba ya leƙa buhu. Ga shaida ma, kwanan nan gidansa an daina tuwon dawa, gurasar alkama ake ci safe da yamma. Ya ɗauka musanya dawar da alkama take yi, ya kuma yaba wa kansa da iya zaɓen mace.

Sai fankar ta fara ciwo. Iskarta ta rage, wuyanta ya sandare, tana warin ƙuna. Ya ɗora ta a keken jaki ya kai wa Jibirin. Jibirin ya shige da ita bayan shago shi kaɗai, ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe hannu.

"Mi ya same ta?" in ji Alhaji.

"Ƙura ce, Yaya Alhaji."

"Ƙura? Gidana da ake shara kullum? Ya zol, bawan Allah, kai dai ka sayar mini da gawa!"

Jibirin bai musa ba. Ya ce a gaida masa yayarsa.

Fankar ta yi lafiya kwana kaɗan, ciwon ya dawo. Aka sake kaiwa, aka sake shigewa bayan shago. A gida kuma abubuwa suka taru suna ba Alhaji haushi. Sakina ta kama tari ita ma, idanunta jajur. Fita yankan ciyawar awaki da take yi bayan asuba ta ƙara tsawo, awakin kuwa ba su ƙara ƙiba ba. Kaji sun tare a ƙofar ɗakinta, ko an kore su sai su dawo. Rannan har ya tauna tsakuwa cikin gurasa, mutum mai haƙorin zinariya!

To yau ga shi a gaban baƙi. Bayan sun tafi ya kira Sakina ya yanke hukunci. Gobe zai ajiye fankar a ƙofar shagon Jibirin, ya tara 'yan kasuwa, ya faɗa musu irin kayan da ake sayarwa a can. Daga nan babu shi babu Jibirin, ita ma ƙafarta ba za ta ƙara taka gidan ƙanenta ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba laihin yaron ga ba ne," in ji ta.

"To laihin wa? Nawa?"

Ta ɗauki fankar ta shiga da ita ciki.

Da safe ya riga kowa zuwa kasuwa, ya bi rumfa rumfa yana gayyatar shaidu. Jibirin ya ji, ya zo har rumfar mai shayi ya durƙusa, ya ce zai ba shi sabuwa kyauta, a bar maganar. Alhaji ya ƙi. Ba fanka yake nema ba yanzu, sunansa yake nema.

Rana na tsaka ya koma gida ɗauko fankar, lokacin da bai saba dawowa ba. Tsakar gida babu kowa, ko ganye ba ya motsi. Ɗakin Sakina a rufe, an toshe tagar da zane. Daga ciki ya ji fankar tana gurnani, da wani sauti kamar zubar yayyafi a kan tabarma. Ƙofar ɗakin hatsi na gefe, a buɗe. Ya leƙa. Buhuna a ninke a jikin bango, ƙasa a share tas.

Ya tura ƙofar Sakina.

Shiƙa dai a fili ake yin ta, a bakin gari inda iska take, inda kowa zai ga abin da ke cikin ƙwaryar kowa. Sakina kuwa tana tsaye a gaban fankar da ta lallaɓa ta tayar, ta ɗaure hanci da gyale, ƙaiƙayi ya rufe ta har gira, tana zuba alkamar da take kalatowa kowace asuba a gonar Jibirin bayan injin girbi ya wuce, don kada garin ya san matar Alhaji Osman ta koma kala.