Shuɗi ko Ja

Saura minti goma ƙarfe uku na rana, lokacin da jami'o'i za su saki sunayen waɗanda suka ɗauka. Gilang da budurwarsa Ratri na zaune a rumfar mai shayi, ƙanƙarar kofunansu ta narke, ba wanda ya kurɓa. Tsoro ya sa sun yi musayar lambobin jarrabawa, kowa ya duba wa ɗan'uwansa. In shafin sakamako ya fito shuɗi an samu, ja an rasa.

"Har ɗakunan haya na gano mana a garin Malang," in ji Gilang.

Ratri, wadda ke kiransa Mas, wato yaya, ta ƙura wa tebur ido. "Mas, ban zaɓi Malang ba."

"Kamar yaya? Tare fa muka cike fom."

"Na canja daga baya. Jami'ar Makassar na sa, can wani tsibiri daban."

"Wata biyu kina kallona ina ta shiri?"

"Ka dai yi min addu'a."

Uku na cika ya shigar da lambarta a wayarsa. Shafin na juyawa ya ji zuciyarsa na roƙon Allah ya fito ja.

Sai ga shuɗi.

Ratri ta leƙo, ta fashe da kuka. "Allah ya karɓi addu'arka, Mas."