Baƙuwar Ƙarfe Goma

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, an wayi gari da yayyafi, irin wanda ba ya hana fita amma yana jiƙa mutum. Kafin ƙarfe tara, injin yankan kwano ya cinye wa Dogo yatsu huɗu na hannun dama.

Matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Biyu, ta bar ɗinki a kan keke ta ruga asibiti. Can ta tarar da heluman sashensu, wato shugabansu a wurin aiki, da jan layi a wuyan rigar aikinsa, yana ta jajantawa. Bayan kwana uku kamfani ya aiko da takarda cewa Dogo ne ya kwance ragar kariya daga bakin injin don aiki ya yi sauri, saboda haka babu diyya. Dogo ya rantse a haka ya zo ya tarar da injin. Lauyan ƙungiyar ma'aikata ya ce rantsuwa ba za ta yi ba, sai shaida, kuma kwamiti zai zauna a ƙarshen wata mai zuwa. Mutum goma sha ɗaya ke wurin ranar. Duk sun zo dubiya da lemo, amma babu wanda ya ga komai.

Sati biyu da sallamo shi, wata baƙuwa ta fara zuwa. Kullum ƙarfe goma take sallama, lokacin da maza ke wurin aiki, da laima ta kare fuskarta ko da babu ruwa babu rana. Ba ta kai Uwar Biyu shekaru ba, ga sanyin murya, ga turaren da ke wuni a labule bayan ta tafi. Takan rusuna ta ce, "Ina kwana, Yaya?" Sai Dogo ya ce wa matarsa ta ɗan duba musu ruwan shayi.

Uwar Biyu takan koma kan kekenta a ɗaki na kusa. In tana taka keken, suna magana. Da ta ɗaga ƙafa, sai falon ya yi tsit.

Ita ke wanke ciwon, ita ke yanka masa farcen hannun da ya rage, ita ke jure tsakinsa in cokali ya kuɓuce masa. Tun ranar da abin ya faru bai yi mata dariya ba. Amma ranar da baƙuwar za ta zo, tun tara da rabi yake cewa ta sa masa maɓallan farar rigarsa, kuma in ta tafi sai ya cinye abincinsa tas.

Da Uwar Biyu ta tambaye shi ko wace ce, ya ce wata baiwar Allah ce. Ta ce ita dai duk bayin Allahn da ta sani suna da suna.

"Haba, Uwar Biyu. Mutumin da ko maɓalli ba ya iya sa wa kansa, wa zai ƙwace miki shi? Ki yi haƙuri zuwa Juma'a, in lauya ya zo ya tafi."

Ba ta ga abin da ya haɗa lauya da turare ba.

Ranar Litinin ta bar autarta tana juya keken babu zare, ta laɓe a bakin ƙofa. Baƙuwar tana kuka ƙasa-ƙasa.

"In mijina ya sani, aurena ya mutu."

"Ba wanda zai ji daga bakina," in ji Dogo, "ko matata."

Da baƙuwar ta fita, Uwar Biyu ta yafa mayafi ta bi laimar daga nesa, layi bayan layi, har wani gida mai koren ƙyaure, lamba goma sha bakwai. A kan igiyar shanya akwai rigar aiki ta kamfaninsu Dogo, mai jan layi a wuya. Matar abokin aikinsa ma ke nan. Ta dawo gida ta zuba wa Dogo abinci, har ta hura masa.

Ranar Laraba ya tafi asibiti a canza masa bandeji. Tana cire rigar matashinsa, wata ambulan mai kauri ta faɗo. An manne ta da gam, an sa hannu sau biyu a kan bakin, rabin rubutun a sama rabi a ƙasa, da kwanan wata a gefe. Rubutun mace ne, haruffa ƙanana masu tsabta, kuma takardar ta ɗauki turaren.

Ta kama gefenta za ta yage, sai ta tsaya. In ta buɗe, za a ce ita ta ƙara abin da ke ciki. Amma ambulan a rufe, da sa hannun matar mutum a bakinta, babu mai musun wannan. Ta saka ta cikin wata babba, ta rubuta adireshin da kyau, zuwa ga mai gidan. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba ta sa sunanta ba.

A gidan waya ma'aikaciyar ta tambaye ta, ta gaggawa ko ta yau da kullum. Ta ce ta gaggawa. Ta tsaya har aka buga hatimi, ta ga an jefa ta cikin buhu, sannan ta ji ƙirjinta ya yi sanyi karon farko cikin wata guda.

Kafin Juma'a wasiƙar za ta isa hannun mai gidan lamba goma sha bakwai, heluman da ya sa aka kwance ragar injin, ɗauke da takardar umarnin da ya ɓoye a ɗakinsa da kuma shaidar da matarsa ta rubuta a kansa, kuma babu kwafin ko ɗaya a ko'ina.