Sai Hannun Ya Tsaya

Tun da aka sallami tafintocin kurame don rage kashe kuɗi, na'ura ce ke karanta maganar hannu a taron masu barin giya. Tanimu kurma kwanansa tara bai kurɓa ba, hannunsa na rawa kamar mazari saboda rashin giyar, ko biro ba ya riƙuwa. Ya tsaya gaban na'urar yana bayanin damuwarsa.

"Ba a gane ba. A daidaita hannu," ta rubuto a allo, karo na huɗu.

Baba Ishaya, shugaban taron, ya rubuta masa a takarda: "Haƙuri, ɗana. Ka dawo in hannun ya tsaya."

Tanimu ya dunƙule takardar ya fita. Abu ɗaya ya sani mai tsayar da hannun nan, kuma a bakin layin ake sayar da shi.